Volkswagen Hebmüller

Volkswagen Hebmüller, wadda lambarta ta kamfani ita ce Type 14A, wata ƙaramar mota ce mai rufin da ake naɗewa, da aka ƙera a ƙasar Jamus ta Yamma tsakanin shekarar 1949 da 1953. An gina ta ne a kan shasi da injin Volkswagen Beetle, amma kamfanin Hebmüller da ke garin Wülfrath shi ya ƙera bodinta. Adadin da aka fi kawowa na motocin da aka yi shi ne 696, kuma masu bin diddigin tsofaffin motoci suna ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a duniya ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Wannan ƙarancin ya sa tana cikin motocin Volkswagen mafi tsada a wajen gwanjo, ya kuma sa tana cikin waɗanda aka fi kwaikwayo. Don haka tantance ta asali daga ta jabu ya zama babban aiki ga duk wanda ya tsinci ɗaya yana son ya farfaɗo da ita.

Suna

Hebmüller sunan iyalin da suka mallaki kamfanin ne. A rubutun Jamusanci akwai ɗigo biyu a kan harafin u, inda babu damar sa su kuma sai a rubuta Hebmueller. Masu sha'awar motar kan taƙaita sunan su ce Heb. Kalmar kabriyole da ake kiran irin waɗannan motoci da ita a Turai daga Faransanci ta fito, asalinta sunan wani keken doki ne mara nauyi mai ƙafa biyu da rumfar da ake naɗewa, kuma tushen kalmar yana nufin tsalle, saboda yadda keken ke tsalle a kan hanya.

Tarihi

Joseph Hebmüller ya kafa kamfanin a shekarar 1889 a garin Barmen, wanda yanzu yake cikin birnin Wuppertal, yana ƙera kekunan doki. Bayan rasuwarsa a 1919 'ya'yansa maza huɗu suka karɓi ragamar kamfanin, suka juya zuwa ƙera bodin motoci, suka kuma buɗe wata masana'anta a Wülfrath. Sun yi wa kamfanoni irin su Opel da Ford aiki.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antar Volkswagen da ke Wolfsburg ta koma hannun sojojin Birtaniya, ƙarƙashin kulawar Manjo Ivan Hirst. A wannan lokaci ne aka yi wa Kanar Charles Radclyffe wata Beetle mai kujera biyu da buɗaɗɗen sama, guda ɗaya tak, wadda ake ganin daga jikinta aka samo siffar Hebmüller. Da Heinrich Nordhoff ya zama shugaban kamfanin a watan Janairun 1948, sai aka ba kamfanoni biyu aiki: Karmann na garin Osnabrück zai yi mai ɗaukar mutum huɗu, wato Type 15, Hebmüller kuma zai yi mai kujera biyu.

An yi motocin gwaji guda uku a 1948. Matsalarsu ita ce bodin yana lanƙwashewa, domin rufin ƙarfe ne ke riƙe da jikin Beetle, idan aka yanke shi ƙofofi kan daina zama daidai. Sai aka ƙarfafa gefuna biyu na ƙasan bodin da dogayen ƙarafa, aka kuma canja firam ɗin gilashin gaba. A 1949 aka gwada wata sabuwar mota a tafiyar kilomita 10,000, ta ci jarrabawa, Volkswagen ya ba da odar guda 2,000. An fara ƙerawa a watan Yunin 1949, ana sayar da ita a kan Mak 7,500 ta hannun dillalan Volkswagen, a lokacin da Beetle mai rufin ƙarfe ta fitarwa waje take Mak 5,450.

Ranar 23 ga Yulin 1949 gobara ta tashi a sashen fenti na masana'antar Wülfrath, ta cinye mafi yawan ginin. An ci gaba da aiki bayan kimanin mako huɗu, har aka kai ga ƙera mota 125 a watan Janairun 1950, amma kamfanin bai sake miƙewa ta fuskar kuɗi ba. Daga nan adadin ya yi ta raguwa, a 1952 kamfanin ya karye. 'Yan ragowar motocin Karmann ne ya harhaɗa su daga kayan da suka saura, na ƙarshe suka fito a farkon 1953. Wasu majiyoyi suna kai jimillar zuwa kusan 750 maimakon 696. Ita kuwa Karmann mai mutum huɗu ta ci gaba har zuwa Janairun 1980, an yi sama da 330,000.

Siffa

Injinta na Beetle ne na wancan zamani: yana baya, silinda huɗu a kwance, girmansa cc 1,131, ƙarfin doki 25, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto. Gudunta bai fi kilomita 100 a awa ba. Wutarta bolt 6 ce. Motocin farko birkin waya gare su, daga 1950 aka koma birkin mai.

Abin da ya fi bambanta ta shi ne bayanta. Murfin injin dogo ne, yana gangarowa kamar bonet ɗin gaba, har wanda ya hango ta daga nesa zai iya rasa ina ne gaba ina ne baya. Idan aka naɗe rufin yakan shige bayan kujeru ya kusan ɓacewa, saɓanin na Karmann da ke taruwa a baya kamar ƙunshin kaya. Akwai 'yar kujera a baya da ake kifewa a ɗora jaka, ba ta isa babban mutum ya zauna da daɗi ba. Tirafiketonta irin na da ne, ɗan hannu mai fitila da ke ɗagowa daga jikin mota, kuma yana gaban ƙofa. Yawancinsu an yi musu fenti kala biyu.

Tantance ta asali lokacin gyara

Tushen wahalar yana cikin yadda aka gina Beetle. Bodin da shasin abubuwa biyu ne daban, noti ne ya haɗa su, makanikai kaɗan za su iya kwance su su ɗaga bodin cikin yini guda. Shasin Hebmüller kuwa ba shi da wani bambanci na a zo a gani da na Beetle ɗin da aka yi a wata ɗaya da shi, domin daga Wolfsburg ake kawo shi. Ke nan lambar shasi ita kaɗai ba ta tabbatar da komai a kan bodin da ke samanta. Ana samun bodi na asali a kan shasin da ya girme shi ko ya ƙanƙanta, saboda a shekarun 1960 da motar ba ta da wata daraja, mai ita kan musanya ruɓaɓɓen shasi da duk wanda ya samu. Ana kuma samun akasin haka, shasi na asali da takardunsa amma bodin sabon ƙira ne. Duka biyun suna da kasuwa, sai dai kuɗinsu ba ɗaya ba ne da na motar da komai nata ya zo tare daga masana'anta.

Masu gyara kan fara da lambobi. Lambar shasi tana bugawa a kan doron ƙarfen da ya ratsa tsakiyar motar, ƙarƙashin kujerar baya, ana kuma samun ta a farantin da ke bayan safaya taya a gaba. Lambar inji tana jikin injin, ƙarƙashin mazaunin janareto. Sannan akwai lambar bodi ta Hebmüller, wadda take farawa da 14, ita ce ake kwatantawa da rajistar da masu sha'awar motar suka daɗe suna tarawa. Volkswagen yana bayar da takardar shaida daga kundinsa ga wanda ya aika lambar shasi, mai nuna ranar da aka ƙera motar da irin samfurin da aka yi rajistarta da shi. Takardar tana da amfani, amma shasin take yi wa shaida. Faranti kuma abu ne da ake cirewa a maƙala a wata motar, shi ya sa ake duba ƙusoshin da suka riƙe shi, da siffar lambobin, da ko an goge wurin an sake bugawa.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin ƙarfen kansa. Kamfanin Hebmüller ƙarami ne, aikin hannu ya yi yawa a bayan motar, don haka waldarsa da yadda ya haɗa sassan da ya ƙera da waɗanda suka zo daga Wolfsburg suna da kamanni da ƙwararru suka sani. Ana duba ƙarafan ƙarfafawa na ƙasan ƙofofi, da firam ɗin gilashin gaba, da ramin da rufi ke shiga, da cikin murfin inji. Beetle mai rufin ƙarfe da aka yanke kanta takan bar alama a ginshiƙan ƙofa. Wadda aka juya daga Karmann takan bar tabon inda tagogin gefe na baya suke, domin Hebmüller ba ta da su. Wasu na kwaikwayon da roba mai zare aka yi bayansu, waɗannan mayen ƙarfe ma ya isa ya tona su, tunda ba zai kama ba. Haka kuma yakan nuna inda aka cika da foti mai kauri.

Ƙananan kaya su ma suna ba da shaida. Yawancin sassan Volkswagen na wancan zamani, kamar rim da agogon gudu, suna ɗauke da wata da shekarar da aka yi su. Motar 1949 ko 1950 ya kamata a same ta da rim mai inci 16, da dashbod mai aljihu biyu, da bamba mai tsagi a tsakiya, da giyar da sai an iya ta take shiga ba ƙara. A Oktoban 1952 Volkswagen ya canja waɗannan duka, saboda haka 'yan motocin ƙarshe da Karmann ya harhaɗa suna iya zuwa da sababbin kaya a kan tsohon bodi, abin da kan sa wanda bai sani ba ya ɗauke su jabu. Rashin waɗannan kaya ba ya soke asalin mota, domin da wuya a sami wadda ta yi shekara 70 ba a canja mata inji ko taya ba.

Babban haɗarin shi ne gyaran kansa yana iya share shaidar. Idan aka kankare bodi har ƙarfe da yashi ko sinadari, fentin farko da ke ɓoye ƙarƙashin dashbod da cikin ƙofofi ya tafi, kuma shi ne ke nuna kalar da motar ta fito da ita. Idan mai gyaran bodi ya yanke ruɓaɓɓen wuri ya jefar, wataƙila ya jefar da waldar masana'anta ko wata lamba. Shi ya sa ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce a ɗauki hoton kowane lungu kafin a taɓa, a auna, a kira wanda ya san motar ya gani tun tana cikin tsatsarta, a kuma ajiye duk ƙarfen da aka yanke. Motar da ta fito tana walƙiya ba tare da hotunan yadda aka same ta ba takan fi wahalar sayarwa a kan wadda aka kawo da ƙura da ramuka, ko da kuwa ta asali ce.

Akwai kuma tambayar da ba a gama yarjejeniya a kanta ba: nawa ne za a canja a jikin mota kafin a daina kiran ta ta asali? Wasu Hebmüller an farfaɗo da su ne daga ɗan abin da ya rage na baya da lambar bodi, sauran duk sabon ƙarfe ne. Masu saye da yawa suna karɓar irin wannan muddin an faɗa musu gaskiya tun farko, rigima tana tashi ne idan aka ɓoye.

Motocin da ake rikita ta da su

Ban da Karmann Type 15, akwai wasu ƙananan kamfanoni da suka gina motoci masu buɗaɗɗen sama a kan shasin Beetle a farkon shekarun 1950, irin su Rometsch a Balin, da Dannenhauer & Stauss a Stuttgart, da Drews a Wuppertal. Waɗannan bodinsu ya sha bamban da na Beetle gaba ɗaya, yayin da Hebmüller daga gaba har zuwa ƙofa kusan Beetle ce sak. Shi kansa kamfanin Hebmüller ya yi wata motar daban, Type 18A, mai buɗaɗɗen sama da mashiga huɗu, domin 'yan sandan Jamus. Yawancinsu labulen tamfol ne a madadin ƙofofi, kuma bayansu irin na Beetle ne, ba su da dogon murfin inji.