Dutsen Niƙa Da Dutsen Ado



Na tabbata 'yan ajinmu ba su manta ranar da malaminmu na labarin ƙasa, Allah ya ji ƙansa, ya shigo da ɓallin dutsen niƙa a aljihu ba. Muka yi ta dariya. Ya ce mu duba da kyau, ma'adinai uku ne a ciki: farar ƙwaya mai kama da gilashi ita ce ƙanƙarar dutse, ja-ja ɗin felsifa, baƙi mai ƙyalli kuwa maika. Haɗuwarsu ake kira giranit.

Mu a Daura rairayi da marmara muka saba gani. Amma idan aka nufi Kazaure, ko kudancin Jihar Katsina, sai duwatsu su fara leƙowa. Yawancin giranit ɗin ƙasar Hausa narkakken dutse ne da ya huce sannu a hankali a cikin ƙasa, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Wannan jinkiri ne ya sa ƙwayoyinsa suka girma har ido ke ganinsu. Bature J. D. Falconer, a littafinsa na 1911, shi ya raba duwatsun Arewa gida biyu: tsofaffin giranit, da ƙannensu irin na Jos masu ɗauke da kuza. A 1919 aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya.

Taurin ƙanƙarar ne ya sa iyayenmu mata suka zaɓe shi don niƙa gero, shi ne kuma ke sa shi sheƙi idan an goge. Felsifa kuwa in ta ruɓe takan zama farar ƙasa, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara.

Abin da ya sa na tuno da wannan shi ne, na shiga wani gida na ga an shimfiɗe falo da gogaggen giranit. Maigidan yana alfahari wai daga Indiya aka kawo. Mu kuwa namu galibi sai a farfasa shi tsakuwa, masu fasawar suna shaƙar ƙurar da ke lalata huhu.

Don haka ina roƙon ƙungiyarmu ta tallafa wa ko da yaro ɗaya daga makarantarmu ya karanci ilmin duwatsu a jami'a. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya sa mu dace, amin.