Tarihin Ƙa'idar Yaƙin Sama da na Sararin Samaniya

Ƙa'idar yaƙin sama ita ce tsararriyar koyarwar da rundunar soja ke bi wajen amfani da jiragen sama, makamai masu linzami da taurarin ɗan'adam. Ita ke fayyace ayyukan da aka ɗora wa mayaƙan sama, da aikin da za a fara gabatarwa idan jirage ba su wadata ba, da kuma wanda ragamarsu za ta kasance a hannunsa. Hukumomin soja kan rubuta ta cikin littattafan jagora, su sake mata fasali duk sa'ad da wani yaƙi ko sabuwar ƙira ta fallasa gazawarta. Tarihinta ya ginu ne a kan muhawara guda da aka shafe fiye da shekara ɗari ana tafkawa: ko ƙarfin sama zai iya cin yaƙi shi kaɗai, ko kuwa aikinsa shi ne share wa sojojin ƙasa da na ruwa fage.

Mafari

Leƙen asiri ne aikin soja na farko da aka yi daga sama. A yaƙin Fleurus na 1794, Faransawa sun tayar da balan-balan ɗaure da igiya don hango motsin dakarun Ostiriya. Jirgi mai inji ya fara tashi a Amurka a 1903, kuma shekara takwas kacal bayan haka ya shiga fagen fama. A yaƙin da Italiya ta gwabza da Daular Usmaniyya ta Turkiyya a Libiya, Kyaftin Carlo Piazza ya yi shawagin leƙen asiri a watan Oktoba na 1911, sannan a ranar 1 ga Nuwamba Laftanar Giulio Gavotti ya jefa gurneti da hannu a kan sansanonin Turkawa kusa da Tarabulus.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ne manyan ayyukan suka bayyana ɗaya bayan ɗaya. Da fari jirage na ɗaukar hoton ramukan abokan gaba ne, suna kuma gyara wa masu harba igwa saiti. Da kowane ɓangare ya ga ɓarnar da idon da ke sama yake jawo masa, sai ya nemi hanyar makantar da shi. A 1915 Jamusawa suka fito da jirgin Fokker mai bindigar da ke harbi ta tsakanin fuka-fukan farfela, aka sami jirgin da aikinsa farautar wasu jirage. Ke nan neman mallakar sararin sama ya samo asali ne daga buƙatar kare masu leƙen asirin gida da korar na abokan gaba.

Kai hari kan birane ma a lokacin ya soma. A ranar 13 ga Yuni 1917 jiragen Gotha na Jamus suka yi wa Landan ruwan bama-bamai da rana tsaka, suka kashe mutum 162. Gwamnatin Birtaniya ta ɗora wa Janar Jan Smuts binciken lamarin, shi kuma ya ba da shawarar a raba sojin sama da na ƙasa da na ruwa. A ranar 1 ga Afrilu 1918 aka kafa rundunar sojin sama ta RAF, ta farko mai cin gashin kanta a cikin manyan ƙasashe.

Masu ra'ayin farko

Janar Giulio Douhet na Italiya ya wallafa littafinsa mai suna Il dominio dell'aria, wato mallakar sararin sama, a 1921. Ganin yadda miliyoyin mutane suka hallaka cikin ramuka ba tare da fagen daga ya gusa ba, sai ya kawo hujjar cewa jirgi zai iya tsallake sojoji ya faɗa wa birane da masana'antu, har jama'a su karaya su tilasta wa gwamnatinsu miƙa wuya. A ganinsa babu kariyar da za ta tare irin wannan hari, don haka wanda ya riga murƙushe jiragen abokin gaba a ƙasa shi ne da nasara.

A Amurka, Birgediya Billy Mitchell ya nutsar da Ostfriesland, wani tsohon jirgin ruwan yaƙi na Jamus, da bama-bamai a gwajin da aka yi a watan Yuli na 1921, don ya nuna cewa zamanin manyan jiragen ruwa ya wuce. Kaifin bakinsa wajen sukar shugabannin soja ya kai shi gaban kotun soja a 1925. Almajiransa a makarantar dabarun yaƙin sama da ke Maxwell, a jihar Alabama, sun ɗauki wani tafarki dabam da na Douhet: sun ɗauki tattalin arzikin ƙasa kamar saƙa, wadda idan aka tsinke mata wasu zaruruwa, irin su man fetur da lantarki, sai ta warware gaba ɗaya.

A Birtaniya kuwa, Hugh Trenchard, shugaban RAF, ya ceci rundunar daga rushewa ta hanyar nuna cewa jirage za su iya riƙe ƙasashen mulkin mallaka da kuɗi kaɗan. A 1920 an yi luguden wuta kan ganuwoyin Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan a yankin Somaliya da ke hannun Birtaniya, kuma daga 1922 aka damƙa wa RAF tsaron Iraƙi. Wannan salo na horar da ƙauyuka da bama-bamai ya jawo suka tun a lokacin, saboda fararen hula ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

Gwajin Yaƙin Duniya na Biyu

Yaƙin ya ƙaryata zaton cewa babu mai tare jirgin jefa bama-bamai. A 1940 Birtaniya ta haɗa na'urorin radar na bakin teku, masu sa ido daga ƙasa, layukan tarho da ɗakunan ba da umarni cikin tsari guda a ƙarƙashin Hugh Dowding, ta haka ta hana sojin saman Jamus mallakar samaniyarta. Amurkawa ma sun sha da ƙyar: a harin Schweinfurt na 14 ga Oktoba 1943, cikin jirage 291 da suka tashi ba tare da rakiya mai nisa ba, 60 ba su dawo ba. Sai da jiragen rakiya irin su P-51 Mustang suka karya lagon mayaƙan saman Jamus a 1944 kafin hare-hare kan matatun mai da hanyoyin jirgin ƙasa su yi tasiri sosai. Ruwan wuta kan birane irin su Hamburg da Tokyo ya kashe dubun dubatar mutane, amma bai sa jama'a sun yi wa gwamnatocinsu bore kamar yadda Douhet ya yi hasashe ba.

A hamadar Arewacin Afirka ne aka daidaita ƙa'idar aiki tare da sojojin ƙasa. Jagoran wannan aiki shi ne hafsan RAF Arthur Coningham, wanda tun yana ƙaramin hafsa ya jagoranci jirage uku daga Masar suka sauka a Kano a ranar 1 ga Nuwamba 1925. Hanyar da ya bi ta yi amfani daga 1940, lokacin da ake harhaɗa jirage a Takoradi da ke Gana ta yau, a bi da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da Khartum zuwa Alƙahira. Dubban jirage ne suka isa fagen daga ta nan. Coningham ya ƙi yarda a rarraba jirage ƙanana-ƙanana ga kowane kwamandan ƙasa. Ya nace a tara su a hannun kwamandan sama guda mai zama kafaɗa da kafaɗa da takwaransa na ƙasa. Bayan kashin da Amurkawa suka sha a Kasserine ta Tunisiya a Fabrairun 1943, sun rungumi wannan tsari cikin littafin jagora mai lamba FM 100-20 na watan Yulin shekarar. Littafin ya daidaita matsayin ƙarfin sama da na ƙasa, ya kuma jera ayyuka uku bisa fifiko: mallakar sararin sama, datse hanyoyin kai dakaru da kayan yaƙi, sannan tallafa wa sojojin da ke bakin daga.

A tekun Pasifik, harin Pearl Harbor na 1941 da yaƙin Midway na 1942 sun tabbatar da jirgin ruwa mai ɗauke da jiragen yaƙi a matsayin ƙashin bayan rundunar ruwa. Bama-baman nukiliya da aka jefa a Hiroshima da Nagasaki a Agustan 1945 kuma sun sake farfaɗo da ra'ayin cewa daga sama ake gama yaƙi.

Zamanin Yaƙin Cacar Baka

Amurka ta ware rundunar sojin samanta a ranar 18 ga Satumba 1947, kuma shekaru da dama tunaninta ya karkata ga tsoratar da Tarayyar Sobiyet da makaman nukiliya. Amma babban gwajin farko na jigila ne. Da Sobiyet ta toshe hanyoyin shiga Barlin ta Yamma a watan Yuni na 1948, Amurka da Birtaniya suka riƙa kai gawayi da abinci ta sama, fiye da tan miliyan 2 a jimilla, aka kuma janye takunkumin a watan Mayu na 1949 ba tare da an gwabza ba.

Yaƙe-yaƙen Koriya da Biyetnam sun nuna iyakar luguden wuta a kan abokin gaba mai ƙarancin masana'antu, wanda ke samun makamai daga waje kuma yake jigilar kaya da dare ta cikin daji. Hare-haren da Amurka ta kai kan Biyetnam ta Arewa daga 1965 zuwa 1968 ba su sa ta janye ba. A can ne kuma jirgi mai saukar ungulu ya zama dokin sojan ƙasa, aka kuma fara cin moriyar bam mai bin hasken lesa, wanda ya karya gadar Thanh Hoa a 1972 bayan ɗaruruwan hare-hare sun gaza.

Gabas ta Tsakiya ta ba da darussa biyu masu karo da juna. A ranar 5 ga Yuni 1967 Isra'ila ta lalata mafi yawan jiragen yaƙin Masar a ƙasa cikin 'yan sa'o'i. A Oktoban 1973 kuwa Masar ta ƙetare mashigin Suwez ƙarƙashin inuwar makamai masu linzami na kakkaɓo jirage, ta yi wa mayaƙan saman Isra'ila mummunar ɓarna. Daga nan murƙushe garkuwar sama ta abokan gaba, ta hanyar rikita radar da farfasa ta, ya zama sharaɗin farko na kowane farmaki.

Daga yaƙin Tekun Fasha zuwa yau

Kanar John Warden na Amurka ya siffanta ƙasar abokan gaba da zobba biyar: shugabanni a tsakiya, sai abubuwan rayuwa kamar lantarki da mai, sai hanyoyi da gadoji, sai jama'a, sannan dakaru a waje. Ya ce a fara da tsakiya, a shanye jikin ƙasar lokaci guda. Ra'ayinsa ya yi tasiri a yaƙin Tekun Fasha, wato yaƙin Iraƙi na 1991, inda aka fara luguden wuta a ranar 17 ga Janairu, sojojin ƙasa suka shiga a 24 ga Fabrairu, suka gama cikin sa'o'i 100. A 1999 ƙungiyar NATO ta yi kwana 78 tana kai wa Yugoslabiya hari ta sama kafin ƙasar ta janye daga Kosobo, masana kuma har yanzu suna jayayya kan rawar da matsin lambar Rasha da barazanar shigar sojojin ƙasa suka taka.

Jirgi maras matuƙi mai ɗauke da makami ya fara aiki a Afganistan a 2001, ya haɗa leƙen asiri da kai hari a jiki guda. A yaƙi da 'yan tayar da ƙayar baya, matsalar ba ta mallakar sama ba ce, ta tantance wanda ake hari ce. Kuskuren da jirgin sojin saman Nijeriya ya yi na jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a jihar Borno, a Janairun 2017, misali ne na abin da rashin ingantaccen bayani ke haifarwa. A Yukren kuma, tun daga 2022, garkuwar sama ta hana kowane ɓangare cikakken iko da samaniya, sai yaƙin ya koma na ramuka, igwa da ƙananan jirage marasa matuƙa.

Sararin samaniya

Harba tauraron ɗan'adam na Sputnik da Sobiyet ta yi a ranar 4 ga Oktoba 1957 ya buɗe sabon fage. A 1960, shekarar da Sobiyet ta kakkaɓo jirgin leƙen asirin Amurka na U-2, taurarin Corona na Amurka suka fara dawo da hotunan Sobiyet daga can sama inda makami bai kai ba. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta haramta ajiye makaman nukiliya a kewayen duniya, amma ba ta hana soja amfani da taurari ba. Ayyukansu sun haɗa da ɗaukar hoto, sadarwa, hasashen yanayi, gargaɗi idan an harba makami mai linzami, da nuna hanya ta tsarin GPS. Dogaro da su ya mayar da su abin hari: a Janairun 2007 ƙasar Sin ta tarwatsa wani tsohon tauraronta da makami, ta bar dubban ɓaraguzai suna kewaya duniya. Rasha ta haɗe sojin sama da na samaniya a 2015, Amurka ta kafa runduna ta musamman a ranar 20 ga Disamba 2019, Faransa kuma ta ƙara kalmar samaniya a sunan rundunarta a 2020.

Manyan ayyuka a ƙa'idar yau

Littattafan jagora na Birtaniya sun taƙaita ayyukan zuwa huɗu. Na farko shi ne iko da sararin sama, wanda ya ƙunshi farmaki kan filayen jirage da radar na abokan gaba da kuma kare samaniyar gida. Na biyu leƙen asiri da sa ido. Na uku kai hari, tun daga kan cibiyoyin mulki da masana'antu har zuwa datse hanyoyi da agaza wa sojojin ƙasa da na ruwa. Na huɗu jigila, wato kai dakaru da kaya, sauke sojojin laima, zuba wa jirage mai a sama da kwashe waɗanda suka ji rauni. Amurka na lissafa ba da umarni da sarrafa runduna a matsayin aiki na biyar, yayin da Birtaniya ke ɗaukarsa igiyar da ta ɗaure sauran huɗun. A nan ne darasin Coningham ya wanzu: tsarawa da rabon jirage na hannun kwamanda guda, zartarwa kuma a bar wa waɗanda ke kusa da fagen fama.