Jirgin Yaƙi Ba Ragon Kasuwa Ba Ne

Mu mutanen ƙasar Kazaure mun san ciniki. In mutum ya shiga kasuwar Babura da kuɗinsa ya ga rago, sai ya taya, a sallama, ya ja abinsa, ba mai tambayarsa inda zai kai shi. To, a wannan ɗan rubutu ina so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa cinikin jirgin yaƙi ba haka yake ba. Maganar kuwa ta shafe mu, don iyakar Nijar tana bayan gidanmu, kuma ɗan Babura ne, Alhaji Muhammad Badaru Abubakar, aka naɗa Ministan Tsaro a 2023.

A 1964 aka kafa Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya, Jamus ta Yamma ce ta ba da masu horarwa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, gwamnatin Janar Gowon ta nemi jiragen yaƙi a wurin Ingila da Amurka, suka hana. Sai ta juya wajen Tarayyar Sobiyet, wadda a da ake yi wa kallon hadarin kaji. Cikin watan Agusta na wannan shekara aka fara sauke jiragen MiG-17 a filin jirgin sama na Kano, Masarawa kuma suka taimaka da matuƙa. Wato ke nan ba zaɓi ne ya kai mu Masko ba, ƙofar Landan ce aka rufe.

Da kuɗin mai suka samu, sai muka shiga saye ta ko'ina. Aka kawo MiG-21 a 1975, aka sayo Alpha Jet na Faransa da Jamus a farkon shekarun 1980, sa'an nan Jaguar guda 18 daga Ingila. Waɗannan Jaguar ba su daɗe suna tashi ba aka jingine su saboda tsadar kula da su. Bayan an rataye Ken Saro-Wiwa a 1995, Tarayyar Turai ta sa takunkumin sayar wa Nijeriya makamai. Jirgi kuwa in ba kayan gyara, ba shi da maraba da kwanon rufi. Daga nan ne aka nufi ƙasar Sin, aka ƙulla cinikin jiragen F-7 guda 15 a 2005.

Rikicin Boko Haram ya sake maimaita mana darasin. A 2014 Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra, bisa zargin sojojinmu da take haƙƙin ɗan Adam. Haka cinikin Super Tucano guda 12 ya tsaya bayan kuskuren jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017. Sai da gwamnati ta sake a Amurka aka amince, jiragen kuma ba su iso ba sai 2021. A wannan shekara ce dai aka karɓi JF-17 guda uku daga Pakistan.

To, ina muka dosa? A ganina abu uku ne za su yi hukunci. Na farko, yanzu da wuya a sami jirgin da ƙasa ɗaya ta ƙera shi ita kaɗai. JF-17 na Pakistan da Sin ne, amma injinsa na Rasha ne. M-346 da Nijeriya ta yi odar guda 24 daga Italiya, injinsa na kamfanin Amurka ne. Saboda haka ko ka sauya dillali, mai kayan yana nan. Na biyu, manyan ƙasashe suna ƙara matsa wa mai saye ya zaɓi ɓangare. Ga Turkiyya nan, da ta sayi makaman kakkaɓo jirage na Rasha, sai Amurka ta fitar da ita daga shirin F-35 a 2019, alhali kuwa ƙawarta ce. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Na uku, maƙwabta. Bayan juyin mulkin 2023 Nijar ta sallami sojojin Faransa, na Amurka kuma suka bar Agadas a 2024, ta karkata wajen Rasha. In jiragenmu da nasu ba sa aiki tare, mutanen Babura da Gwiwa da Roni ne za su fara ji a jikinsu, don ɓarawon daji bai san iyaka ba.

Ban ce gobe mu ƙera jirgin yaƙi ba, don wannan aiki ne na shekaru da dukiya mai yawa. Amma an taɓa harhaɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi na Air Beetle a Kaduna, a can kuma aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Tsaigumi a 2018. Shawarata ita ce, duk cinikin da za a ƙulla nan gaba, a sa sharaɗin koya wa injiniyoyinmu gyara da ƙera kayan gyara a gida. Ranar da zumunci ya ɓaci, wannan ilmi shi kaɗai ne mai sayarwa ba zai iya karɓe abinsa ba.