Sabon Koci, Sabon Yaro: Tarihin Kasadar Da Muke Wa Murna

A garuruwan arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Tsanyawa, Kunchi, Makoɗa, Ɗambatta da Minjibir, gona na manne da gona ne, ƙauye na hango ƙauye. Ba a barin fili ya huta, don haka manomi ya san darajar kowace ƙwayar iri. Duk da haka akwai masu yin binne, wato su zuba gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa. In ya yi yayyafi ya ɗauke, iri ya ruɓe, sai a sake sayen wani. Mutanen da suka saba da wannan lissafi su ne kuma ke cika gidajen kallo da daddare, su ne ke manna rediyo a kunne ranar da Kano Pillars ke wasa. Ba mamaki da muke da saurin sa rai duk lokacin da aka ce an kawo sabon koci, ko an ce kocin ya ɗauko wani yaro da ba a sani ba ya ajiye wanda aka sani.

A Amurka akwai tsari na musamman na zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, inda ƙungiyar da ta fi shan kashi a bara ita ke fara zaɓa. Mu ba mu da wannan. A nan idon koci ne kawai, da ƙarfin halinsa, da kuma iya jure zagin da zai biyo baya. Tarihin ƙwallon ƙafarmu na shekara talatin da 'yan kai ya ajiye mana misalai da za mu iya auna wannan fata da su, mu ga lokacin da ya yi amfani da kuma abin da ya sa.

A 1989 aka kawo wani ɗan ƙasar Holan, Clemens Westerhof, ya horar da tawagar Najeriya. Ba wani sananne ba ne a lokacin. Bai daɗe da zuwa ba Kamaru ta doke mu da ci ɗaya mai ban haushi a Yawunde, muka rasa gurbin gasar cin kofin duniya ta 1990. Da aka je gasar Afirka a Aljeriya a watan Maris na 1990, wasan farko masu masauki suka zuba mana 5, muka rama 1. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to wannan Larabar kam ba ta nuna alheri ba. Amma tawagar ta farfaɗo har ta kai wasan ƙarshe, inda Aljeriya ta sake cin mu 1 da nema.

A cikin waɗanda Westerhof ya tafi da su akwai wani yaro ɗan shekara 17 daga Ranchers Bees ta Kaduna, Daniel Amokachi. Ɗaukar yaro irin wannan zuwa babbar gasa kasada ce. A shekarar ya wuce Club Brugge ta Beljiyam, kuma bayan shekara huɗu shi ne ya ci wa Najeriya ƙwallo a ragar Bulgeriya da ta Girka a gasar duniya ta Amurka. Abin lura shi ne tsawon lokacin. An yi na biyu a 1990, na uku a 1992, sai a 1994 aka ɗauki kofin Afirka a Tunisiya. Shekara biyar kocin ya yi kafin a ci moriyarsa, kuma da an sallame shi bayan 5 da 1 ɗin nan, babu wanda zai ce an zalunce shi.

A gida Kano kuwa, jiran ya fi haka tsawo. Raccah Rovers ta ɗauki gasar ƙasa a 1978, daga nan kofin bai sake kwana a Kano ba sai bayan shekara 30. An kafa Kano Pillars a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka yi ta sauya masu horarwa, kowanne ana tarbarsa da kirarin sai Masu Gida. Wanda ya karya ƙofar shi ne Kadiri Ikhana, mutumin da ya riga ya ci kofin zakarun Afirka da Enyimba ta Aba a 2003. A watan Mayun 2008 ya ba Pillars kofin gasar ƙasa na farko a tarihinta. Washegari ya ce ya ajiye aiki, yana kukan rashin gaskiya da ya yi wa harkar ƙwallo katutu.

Wanda ya biyo baya baƙo ne daga Sulobeniya, Ivo Sajh. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin sunan ƙasar ba ma, balle sunansa. A hannunsa ne Pillars ta yi abin da har yau ake ba yara labari. A gasar zakarun Afirka ta 2009 aka haɗa ta da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin. Aka yi 1 da 1 a gida, kowa ya ce an gama. Aka je Alƙahira aka tashi 2 da 2, dokar ƙwallon waje ta fitar da Al Ahly. Pillars ta haye rukuni ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda 'yar gida Heartland ta Owerri ta tare ta da ci 4 da nema, sannan 1 da nema. Tawagar da Sajh ya yi wannan tafiya da ita, mafi yawanta wadda ta ci gasar 2008 ce. Ya zo da nasa salon, amma gonar da ya tarar an riga an zuba mata taki.

A kakar da ta biyo baya ne aka ɗauko wani siririn yaro haifaffen Jos, wanda ya taka leda a ƙungiyar JUTH, shekarunsa ba su kai 18 ba. Gasar Najeriya ba ta tausayin yara. Filaye masu tauri ne, tafiya doguwa ce a mota, masu tsaron baya kuma ba sa tambayar shekarun mutum kafin su kwashe shi. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a gasar kafin shi, Pillars ta ƙare a ta biyu. Kaka ɗaya tak muka more shi. Yana cika 18 a watan Oktoban 2010 ya fara wasa a VVV-Venlo ta Holan, daga nan CSKA ta Mosko a 2012, sai Leicester a 2016. Biyun da ya ci Ajantina a 2014 da biyun da ya ci Aisland a 2018, a gidajen kallo muka gan su, muna cewa namu ne. Wannan ma wani darasi ne na tarihin: in kasadar ta yi kyau, amfanin gonar ba a rumbunmu yake zama ba.

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne na Stephen Keshi. A watan Oktoban 2011 Najeriya ta yi 2 da 2 da Gini a Abuja, ta kasa zuwa gasar Afirka ta 2012. Aka sallami Samson Siasia, aka ɗauko Keshi a watan Nuwamba. Fata ya yi yawa domin shi ne kyaftin ɗin tawagar 1994, kuma shi ya kai Togo ga samun gurbin gasar duniya ta 2006. Amma da ya fitar da sunayen mutum 23 da zai tafi da su Afirka ta Kudu a farkon 2013, murna ta koma ciki. Babu Osaze Odemwingie, babu Obafemi Martins, babu Yakubu Aiyegbeni. A maimakon haka ga 'yan wasan gida har shida, ciki da Reuben Gabriel na Kano Pillars da wani Sunday Mba na Warri Wolves.

Gasar ta faɗo cikin hunturu, lokacin da amfani ya shiga rumbu kuma babu aikin gona sai na 'yan lambu. Duk wanda bai tafi cirani ba yana da lokacin zama a gidan kallo, in dai janareta bai ba da kunya ba. Wasa biyun farko, da Burkina Faso da Zambiya, duka kunnen doki aka yi, 1 da 1. Da ƙyar aka wuce Habasha da fenariti biyu na Victor Moses. Da aka ce Kwaddibuwa ta su Didier Drogba da Yaya Toure ce a gaba, mutane da yawa sun riga sun yanke ƙauna. Ranar 3 ga Fabrairu, ana 1 da 1, Sunday Mba ya ja ƙwallo tun daga tsakiyar fili ya buga, ta taɓa ɗan baya ta haye kan gola. Aka lallasa Mali 4 da 1, Ahmed Musa ya ci ta huɗun. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, Mba ɗin dai ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta ba Najeriya kofinta na uku. Keshi ya zama mutum na biyu da ya ɗauki kofin yana ɗan wasa kuma yana koci, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar.

Muna yawan ba da wannan labari kamar sa'a ce, ko wani wahayi da ya zo wa Keshi. Amma fiye da shekara guda ya yi yana tara 'yan wasan gida a sansani a Abuja, yana buga wasannin sada zumunta da su, yana tankaɗe da rairaya. Abin da muka gani a matsayin caca, shi ya riga ya gwada shi sau da yawa a inda ba mu gani. Kasada ce a wurinmu domin ba mu san yaron ba. Shi ya san shi.

Sai kuma abin da ya biyo baya, wanda ba mu cika son tunawa ba. Washegarin ɗaukar kofi Keshi ya sanar da ajiye aiki, kamar yadda Ikhana ya yi a Kano shekara biyar kafin nan, sai da ministan wasanni ya sa baki ya janye. Sunday Mba bai samu shiga tawagar gasar duniya ta 2014 ba. An sallami Keshi a watan Yulin 2015, ya rasu a 2016, Najeriya kuma ba ta je gasar Afirka ta 2015 da ta 2017 ba.

A daidai waɗannan shekaru Pillars na kan ganiyarta. Ta ɗauki gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 a hannun Muhammad Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi, wanda shi ma ya taɓa cin kofin Afirka da Enyimba a 2004. Koci ya sauya amma kofi bai tafi ba, domin ginshiƙan tawagar irin su Rabi'u Ali Pele da Gambo Muhammad suna nan. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya yi shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba a ci Pillars a gasar ƙasa a gida ba, sai da Nasarawa United ta zo ta karya tarihin. Bayan nan sai kofin ƙalubale na 2019 a Kaduna, wanda Ibrahim Musa Jugunu, ɗan gida da ya daɗe a cikin ƙungiyar, ya ɗauko da bugun fenariti a kan Niger Tornadoes. Bafaranshe Lionel Soccoia da aka kawo a ƙarshen 2020 cikin ɗoki bai ƙarasa kakar ba. A watan Afrilun 2021 Ahmed Musa ya dawo gida na ɗan lokaci, gari ya ɗauka. Duk da haka a 2022 Pillars ta faɗa rukuni na biyu, kuma cikin abin da ya jawo akwai makin da aka zabtare mata saboda tarzomar 'yan kallo. A nan fatan da ya rasa haƙuri ya ci ƙungiyar da kansa. Ta dawo a 2023, Musa ya sake dawowa a 2024, a 2025 kuma aka naɗa shi babban manajanta.

Mu da aikinmu ya shafi kwamfuta da alƙaluma mun san wani tarko da ƙwaƙwalwa ke faɗawa: tana ajiye wanda ya yi nasara, ta share sauran. Muna tuna Amokachi da Musa da Mba, amma ba mu da lissafin yaran da aka kira sansani aka sallama bayan mako biyu, ko waɗanda suka taso daga filin makarantar firamare a ƙauyukanmu, iyaye suka sayar da tunkiya aka yi musu kuɗin mota zuwa gwaji a birni, suka dawo ba labari. Mun kuma san wasa uku ko huɗu ba sa isa a yanke wa kowa hukunci, ko na yabo ko na suka. Da wasa biyu aka auna Keshi a 2013, da an yi kuskure. Da wasa ɗaya aka auna Westerhof, da babu 1994.

Wannan ba ya nufin mu daina sa rai. Ƙungiyar da magoya bayanta ba sa fata ta mutu, kuma wanda ya biya kuɗin mota daga Ɗambatta ko Bichi zuwa Ƙofar Mata yana da haƙƙin ya yi mafarkin kofi. Abin da tarihin ya nuna shi ne, duk inda fatan ya tabbata akwai abubuwan da suka riga shi zuwa: kocin ya san gasar ko an ba shi lokacin saninta, yaron da ya ɗauko ya gan shi da idonsa sau da yawa, kuma akwai tsofaffin hannu da za su riƙe tawagar yayin da sabon ke koyo. Inda aka rasa waɗannan, sunan koci ko launin fatarsa bai hana komai ba.

Don haka in aka sake gabatar mana da sabon koci yana riƙe da riga mai ruwan ɗorawa a gaban 'yan jarida, akwai tambayoyin da suka fi “zai ci kofi?” amfani. Shekara nawa aka ba shi, kuma za a bar shi ya cika su? Ana biyan 'yan wasa albashi a kan lokaci? Wa ke zuwa kallon gasannin ƙananan hukumomi ya rubuta sunayen yara? In an sayar da yaro waje, ina kuɗin ke shiga? Sannan tambayar da ta shafe mu kai tsaye, mu 'yan kallo: in aka ci mu a gida a wasa na uku, za mu koma gida da haushinmu, ko za mu jawo a rufe mana fili a kai ƙungiyar wani gari?