Tarihin Sa Ido kan Kuɗi da Ma'aikatan Majalisar Dokokin Najeriya

Majalisar Dokoki ta Ƙasa tana da sanatoci 109 da wakilai 360, amma a bayansu akwai ma'aikata guda sukutum: Akawun Majalisa da mataimakansa, masu rubuta bayanan zama, lauyoyin da ke tsara ƙudurori, dogarai, direbobi, da dubban hadiman 'yan majalisa. Wa ke ɗaukar waɗannan mutane aiki, wa ke biyansu, wa kuma ke bin sawun kuɗin da ake kashewa a gidan? Amsar ta sha sauyawa tun daga 1999.

Majalisar da ta zauna a watan Yunin 1999 ta tarar da kango ne. Duk juyin mulkin da soja suka yi, a 1966 da 1983 da 1993, majalisa ce aka fara rufewa, alhali ma'aikatun gwamnati da kotuna suna ci gaba da aiki. Don haka ba ta gaji ƙwararrun ma'aikata na kanta masu yawa ba, kuma ko kwabo sai ta jira ɓangaren zartarwa ya sake mata. Zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo an yi ta tsama tsakanin ɓangarorin biyu, kuma jinkirin sakin kuɗi na cikin koke-koken 'yan majalisa. Kukansu yana kan hanya. Wanda zai binciki minista da safe, sannan da yamma ya bi sawun takardar kuɗinsa a ma'aikatar kuɗi, bincikensa ba zai yi kaifi ba.

Matakin farko ya shafi ma'aikata. Sashe na 51 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce za a sami Akawun Majalisa da sauran ma'aikata, kuma doka ce za ta fayyace yadda za a naɗa su. A kan haka aka kafa Hukumar Kula da Ma'aikatan Majalisar Dokoki ta Ƙasa a 2000, aka sake dokarta a 2014. Tana da shugaba da mambobi 12, biyu daga kowace shiyya, masu wa'adin shekara biyar. Shugaban Majalisar Dattawa ne ke miƙa jerin sunaye bayan ya tuntuɓi Kakakin Majalisar Wakilai, sai shugaban ƙasa ya naɗa. Aikinta ɗaukar ma'aikata, ƙarin girma da ladabtarwa. Sau biyu aka gwada ƙarfinta a bainar jama'a, kuma duka a kan mutum ɗaya: a 2016, lokacin da hukumar ƙarƙashin Dakta Adamu Fika ta tsaya kan naɗa Mohammed Sani-Omolori Akawu duk da rashin amincewar Shugaban Majalisar Dattawa Bukola Saraki, da kuma a watan Yulin 2020, lokacin da hukumar ƙarƙashin Ahmed Kadi Amshi ta ƙi yarda da ƙa'idar da ta tsawaita aiki zuwa shekara 40 ko shekara 65 da haihuwa, har Sani-Omolori ya bar kujerar.

Sai dai hukumar ba ta riƙe da asusu. Kwangiloli, motoci, ofisoshi da sauran buƙatun yau da kullum suna hannun shugabannin zaurukan biyu, da kwamitin hidimomi na kowane zaure, da ofishin Akawu. A nan ne aka fi samun ɓaraka. A 2000 kwamitin Sanata Idris Kuta ya binciki kwangilolin Majalisar Dattawa, kuma rahotonsa ya yi sanadin tsige shugabanta Chuba Okadigbo a watan Agusta. A 2007 Kakaki Patricia Etteh ta yi murabus a watan Oktoba kan kwangilar naira miliyan 628 ta gyaran gidanta da na mataimakinta da sayen motoci, ko da yake zauren ya wanke ta a 2011. Abin lura shi ne, ba wani tsayayyen tsarin bincike ne ya bankaɗo ko ɗaya daga cikinsu ba. Rikicin shugabanci ne ya tashi, sai littattafan kuɗi suka zama makami. In 'yan majalisa suna zaman lafiya da junansu, ba a jin komai.

Babban sauyi ya zo da gyaran farko na tsarin mulki a 2010, wanda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2011. An gyara sashe na 81, ya zama kuɗin majalisa ana cire su kai tsaye daga asusun tarayya a miƙa mata, kamar yadda ake yi wa ɓangaren shari'a. Wannan nasara ce ta gaske, kuma ya dace a ce haka. Amma daga ranar wuƙa da nama suka koma hannunta: ita ke yanka wa kanta adadi, ita ke amincewa da shi, ita ke kashewa. Daga 2011 zuwa 2014 kasafinta naira biliyan 150 ne kowace shekara, layi ɗaya tak a cikin kasafin ƙasa, babu bayanin abin da za a yi da su.

A daidai wannan lokaci, ƙarshen 2010, Gwamnan Babban Banki Sanusi Lamido Sanusi ya faɗa a wata lacca a Jami'ar Igbinedion cewa kashi 25 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar gwamnatin tarayya majalisa ce ke lanƙwamewa. Sanatoci suka kira shi, ya zo, ya ƙi janye maganarsa. Daga baya ƙungiyoyin farar hula irin su BudgIT suka matsa lamba a buɗe kasafin, har a watan Mayun 2017, zamanin Saraki da Kakaki Yakubu Dogara, aka fitar da rabe-raben naira biliyan 125. Ko shi ma manyan kanun ne kawai. Bayanin da ya fi shiga kunnen jama'a daga bakin 'yan majalisar kansu ya fito. A watan Maris na 2018 Sanata Shehu Sani ya ce kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13.5 a wata a matsayin kuɗin tafiyar da ofis. A watan Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila ya shaida wa BBC Hausa cewa nasa ya kai miliyan 21, alhali hukumar RMAFC, wadda tsarin mulki ya ɗora wa yanka albashin 'yan majalisa, ta ce abin da ta yanka bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Ragowar ba albashi ba ne a hukumance, don haka ba ya bi ta gabanta. A kasafin 2024 kuwa, ɓangaren zartarwa ya nemi a ware wa majalisa kusan biliyan 198, ita kuma ta mayar da shi fiye da biliyan 344.

Majalisun jihohi sun bi wata hanya mai ban takaici. A 2010 an ba su damar kaɗa ƙuri'ar samun cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, amma ba a sami jihohi 24 da ake buƙata ba, saboda tasirin gwamnoni. Sai a watan Yunin 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran. Gwamnoni suka yi ta jan ƙafa, Buhari ya ba da umarnin zartarwa mai lamba 10 a 2020, Kotun Ƙoli ta soke shi a watan Fabrairun 2022, aka sake wani gyaran a watan Maris na 2023.

A takarda akwai mai sa ido daga waje. Sashe na 85 ya ba Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ikon duba asusun duk ofisoshin tarayya, har da majalisa, kuma rahotanninsa sun sha tuhumar ta kan kuɗin da ba a kawo takardun kashe su ba. To amma wa yake miƙa wa rahoton? Majalisa. Kwamitocinta na binciken asusun gwamnati ne ke zama a kai, su ne za su kira ma'aikatan gidansu su yi musu tambaya. 'Yancin da aka samu a 2010 ya raba majalisa da dogaro ga shugaban ƙasa, amma bai ɗora mata wajibcin nuna wa masu zaɓe rasit ba. Gyaran ya tsaya a rabi, kuma waɗanda ke da ikon ƙarasa shi su ne masu cin moriyar barinsa haka.