Saki a Takarda, Aure a Baki: Tarihin Shaidar Aure a Ƙasar Gumel

A ƙasarmu ta Gumel saki ya riga aure samun takarda, kuma ya riga shi da nisa. Tun zamanin kakanninmu macen da aka saka tana iya neman a rubuta mata, ta naɗe takardar ta adana, domin da ita za ta nuna wa waliyyinta da mai neman aurenta cewa igiya ta tsinke. Amma auren kansa, wanda aka tara jama'a aka yi masa hidima, ba a rubuta shi a ko'ina. Yana cikin kan waɗanda suka halarta ne kawai.

Wannan ba sakaci ba ne. Masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa wajen 1750, ta daɗe tana bin Barno, kuma jihadin Shehu Usmanu bai shigar da ita ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Duk da haka, ko ka dubi gabas ko ka dubi yamma, fikihu ɗaya ne, na Malikiyya. Malamanmu na zaure sun karanta Risala da Muhtasar Halil kamar yadda aka karanta su a Kano da Kukawa, kuma abin da littattafan suka sharɗanta ga aure sananne ne: waliyyi, da sadaki wanda bai gaza rubu'in dinari ba, da siga ta nema da bayarwa, da shaidu biyu adilai. Babu takarda a ciki. Har ma malaman mazhabar sun yarda a tabbatar da tsohon aure da shaidar ji, wato abin da ya yaɗu a bakin amintattu cewa wance matar wane ce.

Saboda haka aka mayar da ɗaurin auren kansa ya zama rajista. Ni a Gagarawa na tashi, kuma har yau in na zauna a ƙofar gidan da ake ɗaurin aure nakan lura da yadda aka tsara komai don kada a manta. Wakilin ango zai ce yana nema wa ɗansu wane auren 'yarku wance. Waliyyi zai ce ya bayar, a kan sadaki kaza, ya kuma ɗora wa ango cinta da shanta da suturarta. Wakili ya ce ya karɓa. Duk wannan a hankali suke faɗa, kusa da liman, sai sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya ya maimaita sunaye da yawan sadaki, ya faɗa ko lakadan ne ko ajalan, har na bayan sahu ya ji. A tambayi jama'a, kun shaida? A amsa, mun shaida. A shafa fatiha, faranti na goro da dabino ya zaga. Goron nan ba kyauta ce kawai ba. Wanda ya ci ya zama shaida, wanda aka aika wa nasa gida kuma ba zai ce bai ji ba. A garin da kowa ya san kakan kowa, wannan tsari ya fi takarda ƙarfi, don takarda gara na cinye ta, amma unguwa guda ba ta mantuwa a lokaci ɗaya.

Saki kuwa ba a tara masa mutane. A ɗaki yake faruwa, sau da yawa cikin fushi, kuma gobe miji na iya musantawa. Shi ya sa ya buƙaci rubutu. Na ga takardar sakin kakata ta wajen uwa daga aurenta na fari, bayan rasuwarta, a ƙasan kwallarta, an naɗe ta a tsumma. Layi kaɗan ne da ajami, tawadar ta koma ja: sunan mijin, da sunanta, da cewa saki ɗaya ne, da wata. Ta yi aure na biyu wanda ya kai ta har tsufa, ta haifi iyayenmu, amma wannan dogon auren bai bar ko harafi ɗaya a takarda ba.

Da Turawa suka zo a 1903, zamanin Sarki Ahmadu, suka sa Gumel cikin Lardin Kano, ba su taɓa wannan tsari ba. Abin da suka yi shi ne mayar da alƙalai ma'aikatan En'e masu albashi, aka wajabta littafin shari'a da rasit, kuɗin ƙara yana shiga Baitulmali. Muhuti na rubuta ƙararraki da Larabci, Di'o na zuwa yana dubawa. Daga nan aure ya fara shiga littafin hukuma, amma ta ƙofar baya: sai mace ta zo neman hul'i, ko ana jayayyar sadaki, ko ciyarwa, ko rabon gado. Mai binciken tarihin iyali a yau, in ya yi sa'ar samun waɗannan littattafai a tsofaffin kotuna ko ya je gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, aurarrakin da suka lalace zai fi tararwa. Waɗanda suka zauna lafiya ba su bar sawu ba.

Akwai dai wata hanyar da Turawa suka shimfiɗa, dokar aure ta 1914, wadda har yanzu take aiki. A ƙarƙashinta ana kai sanarwa ga magatakardan aure, a jira kwana 21 ko wani zai kawo ƙorafi, sannan a ɗaura a ba da takarda. Sai dai dokar ta mace ɗaya ce, wanda ya yi auren rajista ba shi da damar ƙarawa. Wannan kaɗai ya isa ya sa Musulmin Gumel ya ɗauke ta a matsayin abin baƙi, na ma'aikatan da suka zo daga Kudu. Har yau da yawa daga mutanenmu in sun ji an ce rajistar aure, wannan suke tunawa, su ja da baya.

Bayan samun mulkin kai hukumomi sun yi ta canja hannu. A 1968 aka karɓe kotuna daga En'e suka koma na gwamnatin jiha. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi. An ƙirƙiri Jigawa a 1991. Dokar soja mai lamba 69 ta 1992, wadda ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, ta tanadi rajistar auren gargajiya ma. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙaramar hukuma, sannan a 2000 Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A takarda ke nan, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar kowace tana da hurumin rubuta aure. A aikace, ɗaurin aure a ƙauyukanmu yana nan yadda kakana ya san shi.

Abin da ya canja shi ne duniyar da auren yake rayuwa a cikinta. Yayana malamin firamare ne, ya rasu ya bar mata biyu. Da aka je neman haƙƙinsa, ofishin ya ce a kawo shaidar aure. Uwargidan ta shekara fiye da talatin a ɗakinta, 'ya'yanta sun yi aure, amma limamin da ya ɗaura ya rasu, waliyyinta ya rasu, sanƙiran ma haka. Sai da muka nemi wasiƙar dagaci, muka kai dattawa biyu kotu aka yi takardar rantsuwa. Tana cikin takaba ake wannan zirga-zirga, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta ce mini, "Yanzu ni ce sai an rantse kafin a yarda matarsa ce?" Irin wannan tambaya tana jiran mata a banki in za a canja suna, da wajen inshorar lafiya, da wajen neman biza.

A Maigatari abin ya fi fitowa fili. Ranar Alhamis kasuwa na haɗa mutanenmu da na Damagaram, kuma auratayya tsakaninmu ta girmi iyakar, tunda Tumbi da sarakunan Gumel suka taso daga cikinta tana Nijar a yau. A can Faransa ta bar musu al'adar kai aure ofishin magajin gari a rubuta. Yarinyarmu da aka kai can ba tare da takarda ba, ita ce za ta sha wahala ranar da aka tambaya.

Masu cewa rubuta aure bidi'a ce su dubi sauran ƙasashen Musulmi. A Maroko, su ma 'yan Malikiyya, adilai biyu ne ke rubuta ƙullin aure. A Masar tun 1931 kotu ba ta sauraren da'awar auren da aka musanta sai da takardar hukuma. Ni ban goyi bayan a kai nan ba, don zai cuci matan karkara. Takarda ba ta halatta aure, shaidu da waliyyi ne ke yi. Aikinta shi ne ta riƙe maganar shaidu bayan sun mutu.

Wasu masallatan Juma'a sun fara ba da takardar shaida da aka buga, kuma sun kyauta. Matsalar ita ce kwafin yakan tsaya a aljihun liman. Roƙona ga Majalisar Masarautar Gumel da shugabannin ƙananan hukumominmu huɗu shi ne a ba kowane limami littafi mai lamba, a rubuta sunan ango da amarya da waliyyi da shaidu da sadaki a wurin ɗaurin auren, kafin a raba goro. Kwafi ɗaya ya tafi gidan hakimi, ɗaya ƙaramar hukuma, ba tare da kuɗin da zai kori talaka ba. Na asalin kuma a damƙa shi a hannun amarya.