Lokacin da Rana Take Mace a Turanci

Shekara dubu da suka wuce, kowane suna a bakin mutanen Ingila yana da jinsi: namiji, mace, ko wani na uku da ba namiji ba mace. Rana, wato sunne, mace ce, wata kuwa, mona, namiji, daidai da yadda muke da su a Hausa. Amma wif, wadda ta haifi wife ta yau, a rukuni na uku take. Kalmar nuni ma kala uku ce, kowane jinsi da tasa. Ba a san the guda ɗaya mai yi wa kowa aiki ba.

Bayan jinsi, suna yana sauya wutsiya gwargwadon aikinsa a jimla. Dutse stan ne in shi ya aikata, stanes in abu nasa ne, stane in a kansa aka zauna. A jam'i kuma ga stanas, ga stana, ga stanum. Ko an jujjuya kalmomi, wutsiyar da kalmar nuni sukan gaya maka wanda ya bugi wani.

Jam'in ne ya fi burge ni, domin ni malamin Turanci ne, kullum muna fama da shi a aji. Hanyoyinsa da yawa ne, kamar namu na gida da gidaje, littafi da littattafai. Jirgi scip ne, jirage scipu. Ido eage, idanu eagan. Littafi boc, amma littattafai bec, wasali kawai aka sauya a ciki. Da wannan ya ɗore, da yau beek ake cewa, ko wani abu kusa da haka, maimakon books.

Me ya cinye duk wannan? Turancin lokacin yana danna gaɓar farko ta kalma, sai wutsiya ta raunana, har -a da -u da -e suka koma sauti ɗaya maras ƙarfi. Daga 865 kuma rundunar 'yan Denmark ta mamaye arewa da gabashin Ingila, suka zauna, aka yi ciniki da auratayya. Harsunan biyu 'yan uwa ne, tushen kalma sau da yawa ɗaya, wutsiya ce ta bambanta. A ganina ba banza ba ne a arewar ne aka fara zubar da ita. Wanda ya saurari Hausar zangon Kumasi ya ji yadda jinsi yake sassautawa inda harsuna suka cakuɗa. Sai 1066, Normandawa suka ci ƙasar, fada da coci suka koma Faransanci da Latin, Turanci ya daɗe ba mai tsare masa ƙa'idar rubutu. A shafukan ƙarshe na tarihin da aka rubuta a Peterborough, wanda ya tsaya a 1154, tsohon tsarin ya riga ya rushe.

Wutsiyar -as ta stanas ce ta yi nasara, ta zama -s, amma a hankali. Marubuci Chaucer, da ya rasu a 1400, eyen yake rubutawa in yana nufin idanu. A 1490 Caxton mai ɗab'i ya ba da labarin wani ɗan kasuwa da ya nemi eggs a kudu, matar gidan ta ce ba ta jin Faransanci. Sai da wani ya ce eyren sannan ta gane ƙwai ake nema.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga an daki yaro don ya rubuta foots. Yaron ya bi hanyar da ta mai da bec zuwa books ne. Feet da mice da men da oxen ragowar tsohon tsari ne da yawan amfani ya kare. Children ma jam'i biyu ne a goye: cildru ta dā, aka ƙara mata -en. Cikin wutsiyoyin aiki kuwa ɗaya ce ta tsira, -es ta stanes, wadda yau ake rubuta ta 's a king's.